Gini Ya Samu, Ɗalibi Ya Rasa: Nazarin Tallafin Karatu a Fagen Adana Gine-Ginen Salon Zamani

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda ake samar da kuɗin karatu ga ɗaliban digiri na biyu da na uku masu neman ƙwarewa a kan adana gine-ginen ƙarni na ashirin. An ɗauki Amurka a matsayin babban misali, saboda can ne manyan gidauniyoyin da ke zuba kuɗi a fagen suke. Nazarin ya nuna cewa akasarin kuɗin na tafiya ne ga gine-ginen kansu da kuma ƙwararrun da suka daɗe suna aiki, abin da ke isa hannun ɗalibi kuwa bai cika wuce kuɗin tafiya taro ko wani ɓangare na kuɗin makaranta ba. An kuma waiwayi abin da wannan tsari ke nufi ga ɗalibin Afirka ta Yamma.

1.0 Gabatarwa

A watan Afrilun 2017 aka rushe zauren baje koli na Hall of Nations da ke birnin Delhi, wanda Raj Rewal ya zayyana, aka kammala a 1972 don bikin cikar Indiya shekara 25 da samun 'yancin kai. Daga cikin hujjojin da suka share fagen rusau ɗin har da cewa kwamitin kula da gine-ginen tarihi na birnin ba ya duba gini sai ya kai shekara 60. Kafin nan an rushe asibitin mata na Prentice da ke Shikago, aikin Bertrand Goldberg na 1975, tsakanin 2013 da 2014. A 2022 aka kwance hasumiyar Nakagin ta birnin Tokiyo, wadda Kisho Kurokawa ya zayyana, aka kammala a 1972. A nan gida ma, otal ɗin Durbar na Kaduna, wanda aka gina don bikin FESTAC na 1977, ya bi sahu a farkon 2020. Dalilan rusau ɗin sun bambanta daga wuri zuwa wuri, amma gine-ginen duka sun yi tarayya a abu guda: sun tsufa har sun fara neman gyara mai tsada, ba su kuwa tsufa yadda doka ko jama'a za su kira su kayan tarihi ba.

Ceto irin wannan gini yana buƙatar mutumin da zai iya yin abu biyu a lokaci guda, wato ya kafa hujjar ƙimar ginin a gaban hukuma, ya kuma nuna wa mai ginin cewa gyaran zai yiwu da kuɗin da hankali zai ɗauka. Irin wannan mutum jami'a ce ke samar da shi, galibi a matakin digiri na biyu. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce, wa ke biyan kuɗin karatunsa?

2.0 Fayyace Kalmomi

Idan Bahaushe ya ce “ginin zamani” yana nufin duk ginin bulo da siminti, ko da jiya aka aza harsashinsa. A wannan nazari an zaɓi “gine-ginen salon zamani” don a keɓe wani salo ayyananne da ya taso a Turai bayan yaƙin duniya na ɗaya, ya bazu a duniya har zuwa wajen shekarun 1970. Alamominsa sun haɗa da amfani da kankare mai rodi da ƙarfe da gilashi, da rage ado, da barin amfanin gini ya tsara siffarsa. Makarantar Bauhaus ta Jamus da ayyukan Le Corbusier su ne misalan da aka fi ambata.

Haka nan an bambanta “adanawa” da “gyara” da “sabuntawa”. Gyara shi ne toshe ɓaraka don gini ya ci gaba da aiki. Sabuntawa na iya kai wa ga cire duk tagogin asali a sa na yayi. Adanawa kuwa ita ce kula da gini ta yadda abin da ya ba shi ƙima ba zai salwanta ba, ko da an canza aikin da ake yi a cikinsa. Kalmar “alkintawa” ta fi kusa da wannan ma'ana a wasu wurare, sai dai an fi jin ta a zancen muhalli, shi ya sa aka tsaya a kan adanawa.

3.0 Abin da Ya Sa Karatun Ke da Tsada

Kwatanci da ginin ƙasa zai taimaka a nan. A ƙasar Hausa ilimin kula da soro yana hannun magina, ɗa ya gada daga uba, almajiri ya koya daga maigida, a ƙarƙashin Sarkin Magina. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na goma sha tara, ya fito ne daga irin wannan tsari. Maginin da ya ga tsaga a bango ya san ko ruwa ne ya shiga ta indararo, ko gara ce ta ci azara, ya kuma san lokacin da za a sake yaɓe da makuba. Kayan gyaran su ne kayan ginin, kuma sabunta yaɓe wani ɓangare ne na rayuwar ginin tun asali. Almajirin magini yana cin abinci daga aikin da yake koyo.

Kankare bai bar irin wannan gado ba. Ciwonsa a ɓoye yake farawa. Sabon kankare yana da sinadarin da ke kare rodin da ke cikinsa daga tsatsa. A hankali iskar kabon da ke sarari tana ratsa shi daga waje zuwa ciki, tana raunana wannan kariya, har ta isa ga rodin. Da zarar ta isa, in akwai danshi, sai rodi ya fara tsatsa. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma sau biyu ko fiye, don haka sai ta tura kankaren ya tsage ya ɓantare. A bakin teku gishiri yana hanzarta lamarin. Gine-ginen farko na wannan salo sun fi shiga haɗari domin masu zayyanarsu sun so sirantar ginshiƙai da rufi, suka bar kankare kaɗan tsakanin rodi da iska. Kafin ido ya ga ɓantarewa, ɓarnar ta yi shekaru tana tafiya. Gano zurfinta yana buƙatar a huda a ciro samfur, a fesa masa sinadarin da ke sauya launi zuwa ruwan hoda a inda kariyar ba ta mutu ba, a auna gishirin da ke ciki, a bi sawun rodi da na'ura. Wanda bai san wannan ba zai shafa sabon siminti a kan tsagar, bayan 'yan shekaru gefen facin ya fashe fiye da da.

Bayan kankare akwai matsalar kayan masana'anta. Tagogin ƙarfe, da tayil, da robar da ke riƙe gilashi, da allunan rufi, yawancinsu kamfanonin da suka ƙera su sun daina ko sun rufe. Wasu kayan, kamar asbesto da fenti mai dalma, an gano suna cutar da lafiya, dole a cire su ko da na asali ne. Ginin Lever House na birnin New York, wanda aka kammala a 1952, sai da aka sauya kusan dukkan bangonsa na gilashi a wajen shekarar 2000. Masana har yau suna muhawara a kan ko abin da ya rage shi ne ginin asali ko hotonsa. Yarjejeniyar Venice ta 1964, wadda ta daɗe tana jagorantar aikin adanawa, ta fifita riƙe kayan asali. Da dutse da tubali a zuciyar waɗanda suka rubuta ta. Wannan ne ya sa kwamitin ICOMOS mai kula da gadon ƙarni na ashirin ya fitar da Takardar Madrid a 2011.

Akwai misalin da ke nuna ribar bincike. Cibiyar Salk da ke Kalifoniya, aikin Louis Kahn na 1965, tana da tagogin katakon tik da iskar teku da gansakuka suka ɓata, har aka yi tunanin sauya su gaba ɗaya. Binciken da Cibiyar Adanawa ta Getty ta jagoranta ya nuna cewa za a iya ceto mafi yawan katakon, aka kuwa kammala aikin a 2017 da kimanin kashi biyu cikin uku na katakon asali a wurinsa. Abin da ya kawo wannan sakamako shi ne awon ɗakin gwaji da tonon tsofaffin takardun aikin ginin.

Ke nan ɗalibin wannan fanni yana buƙatar ɗakin gwaji, da ma'ajiyar zane-zane, da tafiya zuwa inda gine-ginen suke, da malamai daga fannoni uku ko huɗu: zayyana, da injiniyanci, da tarihi, da doka. Ba abin da za a koya a bakin aiki kaɗai ba ne, kuma a tsawon shekarun koyon ɗalibi kashewa yake yi, ba ya samu.

4.0 Inda Kuɗin Ke Tafiya

James Marston Fitch ne ya assasa shirin koyar da adana gine-ginen tarihi a Jami'ar Columbia a 1964, na farko irinsa a Amurka, shekara guda bayan an fara rushe tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a New York. Dokar kare gine-gine ta birnin ta biyo baya a 1965, ta tarayya kuma a 1966. Kundin wuraren tarihi na ƙasar ya ɗauki shekara 50 a matsayin mizani, sai fa ginin da ke da ƙima ta musamman. Shirin na Columbia na shekara biyu ne, kuɗin makaranta kaɗai a shekarun nan ya haura dala 60,000 a shekara, ban da haya da abinci a ɗaya daga cikin biranen da suka fi tsada a duniya. Albashin da ke jiran wanda ya gama, a hukumar birni ko ƙungiyar sa-kai, bai kai na takwaransa da ya shiga kamfanin gina sababbin benaye ba. Da wannan ma'auni ya kamata a auna duk tallafin da za a ambata.

Mafi girman kuɗin da aka ware wa wannan fage a 'yan shekarun nan shi ne na shirin Keeping It Modern na Gidauniyar Getty, wanda ya gudana daga 2014 zuwa 2020, ya tallafa wa ayyuka 77 a ƙasashe 40. Gidan wasan Opera na Sidni, da asibitin Paimio na Finland, da Cibiyar Salk suna cikin rukunin farko. Yawancin kuɗin an kashe su ne wajen gwaje-gwaje da rubuta kundin tsarin kula da gini na dogon lokaci, kuma Getty ta sa rahotannin a intanet kyauta, abin da ya zama taska ga duk mai nazari. Amma mai neman tallafin shi ne mai ginin, wato jami'a ko hukuma ko gidauniya, shi kuma ya ɗauko ƙwararru ya biya su. Ɗalibi na iya shiga a matsayin mai taya awo, amma ba a tsara shirin don biyan kuɗin karatunsa ba. Haka abin yake a shirin Conserving Black Modernism, wanda Getty ta ba dala miliyan 3.1 a 2022 tare da haɗin gwiwar National Trust, don adana ayyukan baƙaƙen fata masu zayyana gine-gine a Amurka. Manufar tana da kyau ƙwarai, kuma a nan ma gini ne ke karɓa.

Rukuni na biyu shi ne na ƙwararru. Gidauniyar da ke ɗauke da sunan Fitch tana ba da tallafin bincike da ya kai dala 15,000, amma ga waɗanda suka yi shekara goma ko fiye suna aiki. Wato dai sai wanda ya riga ya haye ne ake miƙa wa kwale-kwale.

Abin da ya rage wa ɗalibi kai tsaye kaɗan ne. Tallafin Mildred Colodny na National Trust, wanda aka tsara don jawo waɗanda ba su da yawa a fagen, yana ba da har dala 15,000 tare da gurbin koyon aiki, kuma na adana gine-ginen tarihi ne gaba ɗaya, bai keɓanta ga salon zamani ba. Getty tana da guraben koyon aiki na shekara guda da ake biyan albashi, waɗanda ɗaliban kowace ƙasa ke iya nema, sai dai wannan na zuwa ne bayan an shiga karatun ko an gama.

Sai ƙungiyar Docomomo, wadda ita ce ta fi kusa da zuciyar fagen. Hubert-Jan Henket da Wessel de Jonge suka kafa ta a Eindhoven ta ƙasar Holan a 1988, a lokacin da suke fafutukar ceto asibitin masu tarin fuka na Zonnestraal, wanda Jan Duiker ya zayyana aka buɗe a 1928. Labarin wannan asibiti shi kansa darasi ne: an gina shi da tunanin ba zai daɗe ba, domin ana sa ran za a kawar da cutar, sai ga shi an wayi gari ana neman dawwamar da abin da mai shi ya yi don wucin gadi. Reshen ƙungiyar na Amurka, wanda Theodore Prudon, marubucin littafin Preservation of Modern Architecture na 2008, ya yi shekaru yana shugabanta a baya, yana ba ɗalibai ƙananan tallafi, musamman don halartar babban taronsa na shekara-shekara. Bai kamata a raina wannan ba. A fage ƙarami irin wannan, taro guda na iya haɗa ɗalibi da wanda zai duba kundinsa ko ya ɗauke shi aiki. Amma ƙungiyar sa-kai ce da ke rayuwa da kuɗin mambobi, kuɗin jirgi da masauki take iya biya, ba kuɗin zangon karatu ba.

Masu gidauniyoyi suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Gini abu ne da ake gani, ana ɗaukar hotonsa kafin aiki da bayansa. Ɗalibi kuwa yana iya gamawa ya koma sayar da filaye. Suna kuma iya cewa guraben aiki a fagen ba su da yawa, yawaita masu digiri ba zai haifar da aikin yi ba. A ganin mai wannan nazari, hujjar ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, amma ita ma ta manta da yawan abin da ke tafe. Kaso mai yawa na gine-ginen da ke tsaye a biranen duniya an yi su ne bayan 1945, kuma suna cika shekara 50 zuwa 70 kusan a lokaci guda. UNESCO ta sa Brasilia cikin jerin gadon duniya a 1987, ayyukan Le Corbusier 17 a ƙasashe bakwai a 2016, birnin Asmara a 2017. Kowane ɗayan waɗannan wurare yana buƙatar masu kula na dindindin. Kundin tsarin kula da gini, komai kyansa, sai da ma'aikacin da zai iya karanta shi ya aiwatar bayan baƙin ƙwararru sun tafi.

Akwai kuma illar da ba a cika faɗa ba. Idan mai hali ne kaɗai ke iya shiga karatun, to ɗanɗanonsa ne zai tsara jerin abin da ya cancanci a adana. Gidan attajiri na gilashi a bayan gari zai sami mai rubuta kundi a kansa, rukunin gidajen ma'aikata da makarantar gwamnati da kasuwar birni kuwa su rasa.

5.0 Ɗalibin Afirka ta Yamma

Wannan yanki yana da babban rabo a gadon salon zamani, domin shekarun neman 'yanci da na bayansa sun zo daidai da ganiyarsa. Maxwell Fry da Jane Drew sun zayyana gine-ginen Jami'ar Ibadan a shekarun 1950, da bangaye masu huda-huda don iska ta ratsa. Arieh Sharon, wanda ya yi karatu a Bauhaus, ya tsara harabar Jami'ar Ife, inda benayen ke faɗaɗa yayin da suke hawa don na sama ya yi wa na ƙasa inuwa. Jami'ar Obafemi Awolowo ta sami tallafin Keeping It Modern a 2020, a shekara guda da filin baje koli na Dakar. Ɗakin karatu na yara da ke Akara ya samu tun 2016. Sashen zayyanar gine-gine na Zariya, wanda ya girmi Jami'ar Ahmadu Bello ta 1962 domin ya samo asali daga tsohuwar Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, shi ne mafi daɗewa a ƙasar, harabar Samaru kuma cike take da gine-ginen wannan zamani da ke buƙatar nazari.

Ɗalibin da ya so ƙwarewa a kansu ba shi da ƙofa ta musamman. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, malaman manyan makarantun gwamnati yake ɗaukar nauyi, kuma ya dakatar da tura sababbi ƙasashen waje daga farkon 2025. Tallafin Chevening na Birtaniya yana biyan digiri na biyu na shekara guda, yana neman shekara biyu na ƙwarewar aiki, kuma da shi ana iya zuwa York ko Edinburgh inda ake koyar da adanawa. Sai dai a can mai neman zai yi takara da masu karatun lafiya da noma da tattalin arziki, a gaban alƙalan da ke tambayar amfanin karatun ga ci gaban ƙasa. Wanda ya rubuta cewa yana son tsohon gini don kyansa da wuya ya kai labari. Wanda ya nuna cewa gyara ɗakin kwanan ɗalibai na 1965 ya fi rushe shi araha, kuma sarrafa siminti na fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa, ya fi kusa da samu. Hujjar gaskiya ce, ba dabara ba, ko da yake tana tilasta wa ɗalibi ya ɓoye rabin dalilinsa.

Dokar gida ma ba ta ƙarfafa gwiwa. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ambaci 1918 a matsayin iyaka wajen fayyace tsofaffin kayan fasaha, abin da ke nuna inda hankalin masu rubuta ta yake. Ko ginin da aka ayyana ma bai tsira ba, kamar yadda rushe Ilojo Bar a Legas a 2016 ya nuna.

Wani gwaji da ya cancanci a duba shi ne shirin Shared Heritage Africa, wanda Docomomo ta gudanar da kuɗin ma'aikatar harkokin wajen Jamus a farkon shekarun 2020. Ya ɗauki ɗalibai da matasan ƙwararru daga ƙasashe irin su Gana da Nijeriya da Yuganda, suka ɗauki hotuna suka rubuta bayanan gine-ginen jami'o'insu, aka buga aikin a mujallar ƙungiyar a 2023. Ba digiri ya bayar ba, kuma ya ƙare da ƙarewar kuɗinsa. Amma ya juya tsarin da aka saba: an ba matashi kuɗi, shi kuma ya je ga ginin.

Daga nan ake iya hango gyaran da ba ya buƙatar sabuwar gidauniya. Duk tallafin da za a ba gini mallakar jami'a ana iya sharɗanta cewa wani kaso nasa ya tafi ga ɗalibi ɗaya ko biyu na wannan jami'a, su yi kundin digirinsu a kan ginin, a biya musu kuɗin makaranta da na gwaji, su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da ƙwararrun da aka ɗauko. Kuɗin makarantar digiri na biyu a jami'ar gwamnati a Nijeriya ɗan ƙaramin ɓangare ne na abin da ake biya a Columbia, don haka dala 15,000 da ba ta isa zango guda a New York ba za ta riƙe ɗalibai da dama a Ife ko Samaru har su gama. Sassan nazarin harsuna da tarihi ma suna da abin yi a ciki, domin birkiloli da kafintoci da 'yan kwangilar da suka zuba kankaren shekarun 1970 a Kano da Kaduna da Zariya wasunsu suna raye, sun san inda aka ɗebo yashi da yadda aka gauraya, kuma da Hausa za a yi hira da su.